Yadda ake wadata shanun tatsa da ruwan sha a Damagaram

Cikin kowace lita 10 ta madarar da aka tatsa, kusan lita 9 ruwa ne. In an bi awon masana, kashi 87 cikin 100. Wannan ruwa ba shi da wani tushe sai abin da saniya ta sha da ɗan abin da ke cikin abincinta. Don haka mutumin da ke kashe kuɗi kan dusa da harawa da angurya, amma bokiti biyu kawai yake ajiye wa saniyarsa da hantsi, asarar kuɗin abincin yake yi. Saniyar da ƙishirwa ta kama takan fara rage ci, tuƙa ta ragu, kwana ɗaya ko biyu sai ƙwaryar tatsa ta nuna. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A Damagaram kuwa maganar ruwa ba ta wasa ba ce. Birnin yana zaune kan dutse, ruwan ƙarƙashin ƙasa bai wadata ba, har ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake kawowa na mayar da babban birnin ƙasar Nijar daga nan zuwa Yamai a 1926. Ruwan famfon da gari ke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya ta kudu, da Arunguza da Ganaram ta arewa. Damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, ruwan shekara kuma yana yawo ne wajen milimita 400. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, daidai lokacin da tafkuna suka ƙafe, famfo ke ɗaukewa, ƴan ga-ruwa kuma suka yi tsada. Wanda zai ajiye saniyar tatsa a Birni ko Zango ko Garin Malam, ko a garken bayan gari kan hanyar Miriya, ruwa ya kamata ya fara lissafawa kafin ya je kasuwar dabbobi.

Mataki na farko: san yawan abin da saniyarka ke bukata

Yawancin masu kiwo da ido suke awo. Ido kuma yana yaudara, domin saniya ba ta kuka don ƙishirwa sai abin ya yi nisa. Ga lissafin da za ka fara da shi, daga baya ka gyara shi da abin da ka gani a gidanka.

A lokacin sanyi, ka ware wa saniya lita 10 a kan kowane kilo 100 na nauyinta. Da bazara ka ɗaga zuwa lita 15. Wannan na jikinta ne kawai. Sai ka ƙara kamar lita 2 a kan kowace litar madara da take bayarwa, kuma kar ka manta da wadda maraƙi ke sha kafin tatsa da bayanta, ita ma daga jikin uwar ta fito.

Ɗauki saniyar Azawak mai kilo 300, wadda tsakanin ƙwarya da bakin maraƙi take ba da lita 5 a yini. A watan Janairu lissafinta lita 30 da lita 10, wato 40. A watan Mayu lita 45 da 10, wato 55, fiye da bidon biyu masu lita 25. In kuwa ƴar aure ce, wadda aka haɗa jinin gida da na shanun Turai, mai kilo 450 tana ba da lita 15, to da bazara ka shirya mata kusan lita 100. Irin waɗannan ba su da juriyar zafi kamar Azawak ko jar saniyar Bororo, suna haki da wuri, kuma hakin nan ruwa ne yake fita. Ni dai ban ga hikimar sayen irinsu ba ga wanda bai da tabbacin ruwa na kowace rana, ko da farashin ya yi daɗi.

Abinci ma yana canza lissafin. Ɗanyar ciyawar damina kusan kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, shi ya sa a watan Agusta za ka ga saniya ta sunkuya a komi ta ɗan kurɓa ta tafi. Karan gero da harawa da dusa kuwa ruwan da ke cikinsu bai fi kashi 10 cikin 100 ba. Saniyar da ke kan busasshen abinci duk ruwan da za ta jiƙa shi a tumbi daga komi zai fito. Gishiri da kanwa su ma suna ƙara ƙishirwa.

Yanzu sai awo na gaskiya. Ka cika komi da bidon wanda ka san litarsa, ka riƙa ƙirga nawa ka zuba daga safiya zuwa safiya, ka cire abin da ya saura. Ka yi haka kwana uku a jere, kana ƙara mata duk lokacin da ta shanye, har ka ga ta bar saura da kanta. Abin da ta sha a nan shi ne bukatarta. Ka sake awon in yanayi ya juya, sau ɗaya da sanyi, sau ɗaya da bazara, sau ɗaya da damina. Mutane da yawa a wannan awo ne suke gane cewa rabin abin da saniyar ke so suke ba ta.

Mataki na biyu: tara lissafin gida, ka yi ajiya

A ce shanu uku kake tatsa, da maruƙa biyu da suka fara cin ciyawa. Da bazara shanun za su sha lita 165, maruƙan kamar lita 10 kowanne, ga na wanke hantsa da ƙwarya da komi. Ka kai lita 200 ke nan, tonno guda cur, ko bidon takwas, kowace rana ta Allah.

Ajiyar kwana uku ita ce mafi ƙanƙanta da zan ba wa mutum shawara a cikin gari, wato tonno uku ga gidan da muka lissafa. Mai hali ya gina tankin siminti ko ya sayi babban tankin roba. A unguwanni da yawa famfo da tsakar dare yake zuwa, in ya zo. Sai a bar tiyo a shirye, a kuma san wanda zai tashi ya tara. Wanda ke sayen ruwa a amalanke gara ya yi yarjejeniya da mai jaki ɗaya tun kafin bazara ta shigo, a san bidon nawa ne kullum da lokacin kawowa, maimakon fita neman ɗan ga-ruwa da azahar shanu na tsaye.

Ka kula da asalin tonnon da za ka saya. Wanda aka zuba maganin ƙwari ko takin zamani ko man inji a ciki, ka bar shi, wanki ba ya fitar da shi duka. Na man girki ko na kayan abinci shi ne daidai. A rufe shi da murfi mai nauyi, saboda ƙura da sauro, saboda kuma yara. Tankin siminti buɗaɗɗe a tsakar gida haɗari ne ga yaro mai rarrafe. Ɓera ko ƙadangare ko kaza in ta faɗa ta ruɓe a ciki, ruwan na iya zama guba mai shanye jikin dabba. In ka tarar da haka ka zubar da shi gaba ɗaya, ka wanke tankin, kar ka ce ai tsamewa ta isa.

Mai rufin kwano yana da wata dama da damina. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5, in aka yi ruwa na milimita 20, zai zubo da kusan lita 1,000, tonno biyar ke nan a dare ɗaya. Ka sa indararo ya bi zuwa tanki, amma ka bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye ya zube ƙasa. Wannan ba zai kai ka bazara ba sai in tankin babba ne ƙwarai, amma yana sauke kuɗin ruwa na wata biyu ko uku.

Mataki na uku: komi da inda za a ajiye shi

Saniya ba lasar ruwa take yi ba, bakinta take tsomawa ta zuƙa, kuma mai ƙishirwa tana iya zuƙe lita 15 cikin minti ɗaya. Bokitin da yaro ya kawo kafin ya juya ya ƙare. Shi kuma sai ya ɗauki bokitinsa ya tafi, a zatonsa ta ƙoshi, alhali yanzu ta fara. Saboda haka komi ya zama mai faɗin baki, wanda zai ɗauki abin da shanun za su sha a zama ɗaya, ruwan kuma ya yi zurfin da baki zai nutse ba tare da ta zuƙi iska ba.

Rabin tonno da aka yanka a tsaye ko a kwance yana aiki, muddin an lanƙwashe bakin ko an goge kaifinsa don kar ya yanke mata leɓe. Na siminti ya fi daɗewa, ya fi riƙe sanyi, shanu kuma ba sa ture shi. In za ka gina, ka sa magini ya shafe cikinsa sumul, ya karkata gindin kaɗan zuwa gefe ɗaya, ya bar rami mai toshi a can don zubar da ruwan wanki. Komin da ba shi da wannan rami wanke shi wahala ne, abin da ke da wahala kuma ba a yin sa kullum. Tsayin bakinsa daga ƙasa ya kai kamar santimita 60 ga manyan shanu, yadda ba za su sa ƙafa ko su yi kashi a ciki ba. Na maruƙa ya zama daban, gajere.

A sa shi a inuwa, ƙarƙashin rumfa ko bedi ko gawo, sai dai gawo da damina yake kaɗe ganye, da rani ne inuwarsa ke da amfani, kuma daidai lokacin ake bukatarta. Ruwan da ya wuni a rana cikin baƙin tankin roba yana zafi har hannu ya ji, shanu kuma suna rage shansa. Kusa da wurin cin abinci ya kamata ya kasance, amma ba manne da shi ba, don kar dusa ta riƙa zuba a ciki tana tsami. Kewayensa a zuba tsakuwa ko a yi daɓe mai gangara. Taɓon da ke taruwa a gindin komi shi ke laushe kofato, shi ke ɓata hantsa in saniya ta kwanta a ciki, daga nan ciwon nono ke samun hanya.

Akwai abin da sai wanda ya tsaya ya kalli garke yake gani. Kowane garke yana da uwar garke, mai ƙaho da izza. Ita ke fara sha, in ta gama ma ba ta matsawa, sai ta tsaya a bakin komi tana kaɗa kai. Karsanar da ta yi haihuwar fari, wadda ta fi kowa bukatar ruwa, za ka gan ta can gefe tana leƙe, ta matso a kore ta, ta sake matsowa a kore ta, har ta haƙura ta koma turke. Mai gida ya zo ya ga komi da saura ya ce kowa ya sha. Maganin wannan komi biyu ne, nesa da juna yadda saniya ɗaya ba za ta tsare su duka ba. In shanun sun wuce biyar ko shida, wannan ba zaɓi ba ne. In ba hali, a ɗaure mai faɗan bayan ta sha, a saki sauran.

Mataki na huɗu: lokutan shayarwa

Abin da ya fi shi ne ruwa ya kasance gaban saniya dare da rana, ta sha lokacin da ta so. Inda aka yi haka, saniya takan je komi sau da yawa a yini tana sha kaɗan-kaɗan, kuma ita ce ke riƙe nononta. Amma shanun cikin gari da yawa a turke suke, ruwan kuma a ƙirge yake. To in ba za a iya barin sa kullum ba, ga lokutan da ba a tsallakewa.

Na farko, da zarar an gama tatsa. Wannan shi ne lokacin da saniya ta fi jin ƙishirwa, kuma babban kaso na ruwan yininta a cikin sa'ar da ta biyo bayan tatsa take shan sa in ta samu. A cika komi tun kafin mai tatsa ta zauna, yadda tana tashi da ƙwarya saniyar za ta tarar da ruwa. Safe da yamma duka. Na biyu, bayan cin busasshen abinci. Na uku, da tsakar rana a lokacin zafi. Na huɗu, wanda aka fi mantawa, da dare. A bazara shanu sukan ƙi ci da rana saboda zafi, sai iska ta yi sanyi su ci sosai, sannan su nemi ruwa lokacin kowa ya yi barci. Ka cika komi bayan lisha ka duba da asuba, za ka ga abin da ya ragu.

Kowane zama a bar ta ta sha har ta ɗaga kai da kanta, ta tsaya, ta sake komawa. Saniya takan huta a tsakiyar sha. Ɗaga kan farko ba ƙoshi ba ne.

Makiyayan arewa, wajen Tanut da Damargu, da rani sukan shayar da garke kwana bibbiyu, domin rijiya na nesa da makiyaya. Shanunmu na iya jure haka, gaskiya ne, amma juriya daban, nono daban. Wannan dabarar tsira da rai ce har damina ta sauka, ba ta mai sayar da kindirmo kowace safiya ba. Wanda shanunsa ke fita kiwo bayan gari ya shayar da su kafin su fita da kuma da sun dawo, ya kuma rage musu nisan tafiya da zafi, don tafiyar kanta tana cin ruwa. Shanun da ake tatsa in da hali a bar su kusa da gida, a bar bijimai da waɗanda ba a tatsa su yi nisa.

In wata rana aka yi rashin sa'a shanu suka wuni suka kwana ba ruwa, kar a sake su kan cikakken komi lokaci guda. A ba su kaɗan, a jira kamar rabin sa'a, a ƙara, har su dawo daidai. Maraƙi musamman, in ya ɗirki ruwa mai yawa bayan doguwar ƙishirwa, yana iya yin fitsari ja, wani ma ya faɗi.

Mataki na biyar: ingancin ruwan

Hancin saniya ya fi namu. Ruwan da ke da warin kashi ko tsamin dusa ko gansakuka, za ta sunsuna ta sha ɗan abin da zai riƙe ta, ta bar sauran. Ba za ta yi ciwo a ranar ba, nono ne kawai zai riƙa zamewa ba a san dalili ba. Gwajin mai sauƙi ne: ka ɗebo ruwan komin a tafin hannunka ka sunsuna. In ba za ka iya kai shi bakinka ba, kar ka sa ran ita za ta sha ta ƙoshi.

Kullum da safe a zubar da ragowar jiya, a kan shuka ko bishiya don kar ya tafi a banza, a ɗauraye komi. Sau biyu a mako, da bazara ma fiye, a goge shi da burushi ko soso har santsin nan kore ya fita. Lokaci-lokaci a wanke da ɗan ruwan jabel, a ɗauraye sosai har warin ya tafi kafin a zuba na sha. Lokacin hunturu a riƙa tsame leda da iska ke kwasowa. Ledar da saniya ta haɗiye a tumbi take zama.

Ruwan tafki shi ne mai arha, shi ne kuma mai tsada daga baya. A bakin tafkuna da fadamun Korama, wajen Miriya da Magarya da Matamai, akwai ƙananan dodon koɗi da ke ɗauke da tsutsar ciwon hanta. Tsutsar na fita daga jikinsu ta manne a ciyawar bakin ruwa, saniya ta ci. Bayan watanni sai ka ga tana ramewa, ƙasan haɓarta ya kumbura da ruwa, nono ya ƙafe. Akwai matsattsaku kuma da ke maƙalewa a hanci ko maƙogwaro. Tafkin da ya kusa ƙafewa da zafi, wanda samansa ya yi kore kamar an zuba fenti, wani lokaci gansakukar nan guba ce mai kisa cikin sa'o'i. In ba makawa sai ruwan tafki, a ɗebo shi a kawo komi maimakon a bar shanu su shiga ciki suna sha suna fitsari, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama. Garin ƙwayar zogale yana taimakawa wajen kwantar da laka, amma ba ya kashe cuta. Shanun da ke shan tafki a nemi likitan dabbobi ya tsara musu maganin hanta, a kuma tambaye shi kwana nawa za a daina sayar da madarar bayan an ba da maganin.

Rijiyar gari da kowane garke ke sha a komi ɗaya ita ma wurin haɗuwar cuta ce, ɓoru da ciwon huhu duk a irin cunkoson nan suke yaɗuwa. In an ji labarin ciwo a yankin, ka je da naka komin, ko ka ɗebo ruwan ka kawo gida. Sabuwar saniyar da aka sayo daga kasuwa a ware mata nata bokiti na makonni kafin ta haɗa baki da sauran.

Sai ruwa mai gishiri ko kanwa, wanda ba baƙo ba ne a wasu rijiyoyin jihar nan. Abin da masana kiwo suka tsayar shi ne, gishirin da bai kai giram 1 a lita ba ba shi da matsala, har zuwa giram 3 shanu na sabawa da shi ko da sun ɗan yi zawo da farko, amma daga giram 5 zuwa sama bai dace da mai ciki ko mai shayarwa ba. Harshe ba zai ba ka lamba ba. Wanda ya haƙa sabuwar rijiya ko burtsatse don garke ya kai ruwan ma'aikatar ruwa a auna, awo ɗaya ne da zai yi masa amfani shekaru. In za a sauya wa shanu ruwa daga famfo zuwa rijiya, a gauraya na kwanaki, kar a juya rana ɗaya. Rijiyar kuma ta yi nesa da masai da jujin taki, kamar mita 30, kuma kar ta kasance ta gangaren da ruwan garke ke bi.

Game da kanwa, al'adar ba shanu ita tana da tushe, jikinsu na bukatar gishiri. Inda nake da ja shi ne a narka ta cikin komin da shi kaɗai ne ruwan shan. Mai so da marar so duk an tilasta musu, wata ta rage sha, wata ta yi zawo. A ajiye kanwa ko dutsen lasa gefe guda, ruwa mai daɗi gefe guda, kowace ta ɗauki abin da jikinta ke nema. Haka maganin da ake narkawa a ruwa: a komin taro ba ka san wadda ta sha da yawa da wadda ba ta sha ba. A ba kowace nata a bokiti.

Mai jego da maraƙi

Saniyar da ta haihu ta zubar da ruwa mai yawa, ga dakashi yana sauka. Tana gama lasar ɗanta a kawo mata ruwa mai ɗumi-ɗumi, in an so a barbaɗa ɗan dusa da ɗan gishiri, a bar ta ta sha iya sonta. Tana iya shanye bidon guda, wata ma fiye. Wannan na taimaka mata ta tashi ta fara ci da wuri. Makonnin farko bayan haihuwa su ne nono ke hawa zuwa ƙololuwarsa, saniyar da aka ƙuntata wa ruwa a nan ba ta cika kai inda ya kamata ta kai ba a duk tsawon wannan tatsa.

Maraƙi kuma ana yawan cewa ai yana shan nono, me zai yi da ruwa. Nono da ruwa ba wuri ɗaya suke sauka a cikinsa ba. Nonon da ya tsotsa yana zarcewa can sashen ciki na ƙarshe, ruwan da ya sha a kwano shi ke shiga tumbi, kuma tumbin na bukatar ruwa kafin ya fara narka dusa da ciyawa. Tun makon farko a ajiye masa ruwa mai tsabta a ƙaramin kwano marar zurfi. Maraƙin da ke samun ruwa yana fara cin abinci da wuri, yana kuma sakar wa ƙwarya nono da wuri. In zawo ya kama shi, rashin ruwa ne ke kashe shi kafin cutar kanta. A nemi garin gishirin zawo na dabbobi wajen likita, a riƙa ba shi tsakanin shan nono, kar a yanke masa nonon. Sukarin shayi ba ya narkewa da kyau a cikin jaririn maraƙi, yana iya ƙara zawon, don haka kar a haɗa masa irin na yara a gida.

Duba na kowace safiya

Mai tatsa ita ce ke fara sani. In Inna ko uwargida ta ce, «Malam, Jar nan yau ba ta cika ƙwarya ba,» kafin a tafi sayen allura a fara zuwa komi. Akwai ruwa? Yana wari? Wa ya shayar jiya da yamma, kuma ya tsaya har ta gama?

Sannan a dubi saniyar. Hancin lafiyayya a jiƙe yake, da ɗigon raɓa a kansa. Na mai ƙishirwa a bushe. Kashinta ya kamata ya faɗi ya baje, in ya fito a dunƙule da tauri ruwa ya yi kaɗan. Fitsari kaɗan mai duhu shi ma alama ne. Ka kama fatar wuyanta ka ja ka saki: in ta koma nan take lafiya lau, in ta tsaya a tattare na ƴan daƙiƙu jiki ya bushe. Idon da ya faɗa ciki alama ce ta abin ya yi nisa. Saniyar da ke haki baki buɗe, miyau na zuba, zafi ne ya yi mata yawa. A kai ta inuwa, a jiƙa mata wuya da baya, a ba ta ruwa.

In ruwa na nan mai kyau, ba mai hana ta, amma ta ƙi sha yini guda, matsalar ba ta komi ba ce. A buɗe bakinta a duba ko akwai gyambo a harshe da dasashi, ko wani abu ya maƙale, a taɓa kunne da ƙaho a ji ko akwai zazzaɓi, a ware ta daga sauran da nata bokitin, a kira likitan dabbobi a ranar.